Ayarin Daren Asabar a Gwarimpa

Wanda ya taso daga Damagaram ya nufo Najeriya ba ya zaton zai yi baƙunta. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ma kusan ɗaya. Da wannan tunanin na karɓi aikin koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi a Abuja, na kama ɗaki a Kubwa. To, Abuja ba Kano ba ce. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, gwamnati ta tare a cikinsa a 1991, kuma har yau ana ganin haka a jikinsa: tituna masu faɗi, gidaje masu doguwar katanga, kowa na sauri. Ban ga fada irin tamu ba, inda samari ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su ɗora shayi har tsakar dare. Da na buɗe baki a kasuwar Wuse sai a ce, "Malam, daga Nijar ko?" Ba da mugun nufi ake faɗa ba, amma yawanci a nan hirar take tsayawa.

Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya zo, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024. Hutun makaranta ya same ni a ɗaki, gida yana can ba halin zuwa. A wannan tsakanin ne wani abokin aikina, malamin lissafi, Bazazzage, ya ce, "Malam, zaman kaɗaicin nan ya isa. Ran Asabar ka biyo ni Gwarimpa."

Na tarar da mutane sun kewaye tebur, gaban kowa takarda da fensir, a tsakiya ga 'ya'yan dayis irin waɗanda ban taɓa gani ba: mai fuska huɗu, mai takwas, mai goma sha biyu, mai ashirin. Gabana ya faɗi, don inda na taso dayis na tafiya da zargin caca. Na tambaya kai tsaye. Ba a sa ko sisi, ba mai cin wani, gaba ɗaya 'yan teburin ɓangare ɗaya suke. Sunan wasan Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda kuke da abin da ya tunkaro ku. Sauran kowa na da mutumin da ya ƙirƙira, an rubuta ƙarfinsa da zafin namansa da basirarsa da lambobi. In ka ce za ka yi abin da ke da haɗari, kamar haura katanga ko lallashin mai gadi, sai ka jefa mai fuska ashirin, ka haɗa da lambar da ke takardarka. In jimillar ta kai abin da mai labari ya yanka, ka yi nasara. In ba ta kai ba, labari bai mutu ba, ya dai karkata wata hanyar.

Mai riƙe mana labari wata 'yar Jos ce, ma'aikaciyar jinya, Madugu muke ce mata. Ta ajiye dodannin Turawa da matsafansu gefe, ta ɗauki ƙa'idojin kawai, ta ɗora su a kan ayarin fatake da ya tashi daga Kano zai ratsa Damagaram da Agadas ya kai Bilma sayen gishiri. Ta miƙo mini takardar wani mai jan raƙuma. Da ayarin ya isa wata rijiya aka tarar ta ƙafe, sai ta dube ni ta ce, "Malam, me za ka yi?" Kowa ya yi shiru yana jirana.

Wannan tambayar ce ta kama ni, har yau kuma ita ke mai da ni. Baƙo a gari ɗan sauraro ne. Ana zancen siyasar da bai san tushenta ba, ana dariyar abin da ya faru tun bai zo ba, shi nasa murmushi. A teburin nan kuwa wasa ba ya gaba sai ka yi magana, kuma abin da ka faɗa yana da sakamako a kan kowa. Ga shi ƙasar da labarin ke ratsawa tawa ce. Ni na gaya musu yadda ake zuba gishirin Bilma ya zama kantu, da cewa Faci ce zangon da ake yada wa a tsakiyar Tenere, da yadda Birni yake dabam da Zango a Damagaram. Madugu tana rubutawa, Asabar ta gaba sai in ji abin da na faɗa ya shiga labari. Ƙasar da ake tambayata a kasuwa a wuce, a nan zama ake yi a nemi ƙarin bayani.

Mu da muka taso da tatsuniya mun san daɗin "ga ta nan, ga ta nanku", sai dai a can kaka ce kaɗai ta san inda Gizo zai ƙare. A nan ita kanta Madugu ba ta sani ba. Ta sha shirya mana faɗa da 'yan fashi, mu kuma mu zaɓi yin ciniki da su, dole ta bi mu. Kuma a irin wannan zaɓin kake sanin mutane. Wani injiniya ɗan Filato da ba ya yawan magana, shi ne kullum ke cewa ba za a bar raunanne a baya ba, ko da ruwa zai ƙare. Tun kafin in san unguwarsu na san halinsa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya zo Kubwa ya kai ni asibiti.

Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne a garin. Akwai NIBCARD Games da ke ƙera wasannin tebur a nan Abuja, suna shirya taron masu wasannin tebur da ake kira AB Con tun 2016, har sun samu kyautar Diana Jones, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a harkar wasannin tebur, a 2021. Namu teburin dai na gida ne, da wahalhalunsa: littattafan ƙa'ida da Ingilishi suke, ni kuwa bokon Faransanci na yi, sai an fassara mini, neman motar Kubwa bayan goman dare ma aiki ne.

Yanzu Madugu ta koma aikin dare, ta ce ni zan karɓi ragama. Ina shirya labari a zamanin Sarki Tanimu na Damagaram, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, kuma na riga na yi wa kawuna waya ya ba ni abin da ya ji daga bakin tsofaffi a kan fadar.