Biskit ɗin da aka cusa mini a ƙofar sinima

Ni 'yar Fagge ce. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san sinimar Plaza, ya kuma san 'ya mace mai mutunci ba ta bi ta ƙofarta da dare. Babban yayanmu ya taɓa shan bulala a hannun Baba don kawai an ce an hango shi a layin tikiti. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 aka rufe gidajen sinima na wani lokaci, Baba har hamdala ya yi. To ni ce dai, 'yar gidan nan, da hijabina da 'ya'yana biyu a duniya, na tsaya a ƙofar sinima a wani ƙaramin gari kusa da Lids a Ingila, wai na zo yin sadaka.

Watan Disamba ne na 2024, sanyina na farko a ƙasar. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu kamar an idar da isha'i. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, shayi, a sake shimfiɗa, a ruga gida na gaba. Wata abokiyar aikina 'yar Zimbabuwe ce ta matsa mini. Ta ce tsohuwar sinimar garin, wadda 'yan sa-kai ke riƙe da ita, za ta nuna fim kuma ba a sayar da tikiti, abinci ake kawowa a madadinsa, a tara wa rumbun tallafi da suke kira fud-bank. Na ce mata mu ba ma zuwa sinima. Ta ce to ki zo ki ajiye sadakarki ki tafi, wa zai ɗaure ki? Wata bakwai ke nan daga ɗaki sai aiki sai kanti. Na amsa.

Ban yi rowa ba. Na sayi shinkafa kilo biyar, man girki, gwangwanin tumatir huɗu, kifin gwangwani, sukari. Na loda su a jakar goyo na taho kai tsaye daga wajen aiki, cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da na saya fam takwas a kantin gwanjo na masu agaji. A hannuna akwai leda babu komai, na ninke ta, don ina so in biya in sayi burodi a hanyar komawa.

Abokiyar tawa ba ta iso ba. Na shiga zauren ni kaɗai, warin gugguru ko'ina, tsofaffi da jajayen huluna, ga tebura an jera gwangwanaye kamar bulo. Na tsaya ina kallon kayan, ina neman inda zan sauke nawa. Sai wata dattijuwa cikin 'yan sa-kai ta taho, ta riƙe mini gwiwar hannu a hankali, ta ja ni gefen matattakala. Murya ƙasa-ƙasa, don kada kowa ya ji, ta ce yau tarawa ake yi, ba a rabawa. Ta ce in je zauren coci ranar Alhamis, amma sai na fara karɓo takarda daga likita ko ofishin ba da shawara, za a ba ni abincin kwana uku. Ta ce babu abin kunya a ciki. Ta zura mini takardar bayani a aljihu, ta haɗa da ƙunshin biskit.

Wallahi Turancin gaba ɗaya ya gudu daga bakina. Ni da na ci jarrabawar Turanci kafin a ba ni biza. Kunnuwana suka ɗau zafi. Ban ce mata uffan ba, na sauke jakar a gabanta, na zuge, na shiga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ina dangwarawa a tebur. Shinkafar na ajiye ƙarshe, da ƙarfi. Fuskar matar ta yi jawur, ta shiga ba ni haƙuri ba ƙaƙƙautawa, hannu a ƙirji.

Da na bar shi a nan da an wuce wurin. Amma zuciya ba ta da ƙashi. A ƙarshen teburin akwai bokitin kuɗi, da masu sayar da tikitin kuri'ar sa'a, wanda ya ci ya tafi da kwandon kyauta har da kwalbar giya a ciki. Wannan kam caca ce, na wuce. Na ɗauki ambulan, na zaro fam ashirin na saka, a gaban idonta. Akwai wurin rubuta suna da lambar gida, da wani ɗan akwati na Gift Aid: in kai mai biyan haraji ne a ƙasar, gwamnati za ta ƙara wa masu agajin kwabo 25 a kan kowane fam, ashirin ɗina ta zama ashirin da biyar. Wani saurayi ya tambaye ni ko ina biyan haraji. Na ce ina biya, kowane wata, tun kafin albashin ya taɓa hannuna. Na ɗaga murya yadda za ta ji. Na yi wa akwatin alama har biro ya kusa huda takardar.

A gida in ana gidauniya ko ƙaddamar da littafi, mai gabatarwa ne ke riƙe da lasifika yana shelar Alhaji wane ya ba da miliyan kaza, ana tafi, rabi ma alkawari ne da ba za a cika ba. Kullum ina cikin masu taɓe baki. Su a nan ba a shela, kowa ya jefa nasa ya wuce. Ni ce na kawo musu ƙaddamarwar Kano har cikin sinimarsu.

Kuɗin nan kuwa ba rara ba ne. A lokacin fam ɗaya na kai wa wajen naira dubu biyu, wato dubu arba'in na jefa, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in da aka amince da shi a Najeriya a shekarar. Na ware su ne don kuɗin darasin 'yar farina.

Abokiyata ta iso ta ja ni ciki, ban iya musu ba. Kujeru ja masu laushi, labule, ɗumi. Tsohon fim ne na Kirsimeti marar kala, wanda da alama kowa a wurin ya haddace, suna dariya tun kafin a yi maganar. Ban fahimci rabinsa ba. Da aka kashe fitilu na samu abin da ban samu ba tun zuwana, wurin da zan yi kuka cikin mutane ba wanda ya gani. Tun Maris ɗin 2024 aka hana masu irin aikina zuwa da iyali, ni kuma a Mayu na sauka. Wata biyu kacal. Yaran suna wajen Hajiya, babansu yana leƙa su da yamma in ya taso daga makarantar da yake koyarwa. Ƙaramin ya fara kiran ƙanwata Mama, ni kuma Maman Waya.

Washegari na kira Hajiya, na zayyana mata komai ina jiran ta taya ni fushi. Tambayarta ta farko: "Turawan ma yunwa suke ji?" Na ce sosai ma, ƙungiyar Trussell mai kula da irin waɗannan rumbunan tallafi ita kaɗai ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan uku a shekara guda. Ta yi salati. Ta biyu: "Sinima kika ce kin je?" Na ce Hajiya da rufi fa, kuma duk tsofaffi ne. Ta ce Allah ya ji ƙan Malam, gara da bai ga wannan rana ba, tana dariya. Sannan ta ce matar nan ta ja ki gefe, ta rufa miki asiri, ta ba ki abin da ke hannunta, ita ta samu nata ladan. Ke kuma taki sadakar ta fushi ce, sai ki roƙi Allah ya karɓa haka nan.

Na yi shiru. Hajiyar nan duk Juma'a sai ta sayi ƙosai ta raba wa almajiran layinmu, kuma ba ta yarda mu miƙa da kanmu muna tsaye a kansu, sai dai a ajiye kwanon a zaure a koma ciki. Yanzu da kuɗin da nake turawa take yi, ta ce ta rage yawan ƙosan saboda wake ya yi tsada. Daga nan hira ta koma kan rufin ɗakin ƙofa da ke yoyo, da bikin ƙanwata bayan sallah, da kawu da ya ce a gaya mini wayarsa ta lalace. Kowa a gidan yana da tabbacin a nan kuɗi a titi ake shara.

Ban gaya mata sauran ba. Daren da na dawo ban sayi burodin ba, kanti ya rufe. Na sa hannu a aljihun rigar sanyi na ji ƙunshin biskit, ashe ban mayar ba. Da shi na sha shayi wajen sha ɗayan dare, na cinye tas. Takardar ma tana nan. A Janairu an rage mana awoyin aiki, na ɗauko ta na karanta sau biyu, na mayar aljihu. Kuɗin darasin na tura a makare da mako biyu, na ce wa babansu banki ne ya riƙe.