Ruwan tanki da man janareto

Shekara huɗu na yi ina kula da wani bene a kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Lokacin da na kama aikin, kuɗin wuta da na man janareto ana raba su ne daidai wa daida tsakanin 'yan haya, wato tela mai keke ɗaya da fanka yana biyan abin da mai firiza uku yake biya. Ban ga aibin tsarin ba sai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sa'ad da kuɗin mai ya ninka har telan ya ce zai tashi. Muka sa wa kowane shago ƙaramar mita bayan babbar mitar kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO, kuma cikin 'yan makonni na'urorin sanyaya ɗaki da ake barinsu a kunne lokacin sallar Azahar suka fara hutawa, ba tare da na yi wa kowa wa'azi ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne ruwa. Da yake ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba kullum yake iso mu ba, rijiyar burtsatse muka dogara da ita, kuma kowa, har da ni, yana ɗaukar ruwanta kyauta ne. Alhali kuwa duk litar da ta hau tankin saman bene, wuta ce ko mai ya ɗaga ta. Wata rana da asuba na tarar da tankin da muka cika da magariba ya ragu sosai, ga shi babu wanda ya kwana a ginin sai maigadi. Da mai gyaran famfo ya bincika, sai ya gano robar tankunan bayi biyu ta lalace, ruwa yana zurarewa dare da rana babu ƙara. Kuɗin gyaran bai kai na man yini ɗaya ba, na kuwa daɗe ina zargin janareton da shan mai.

Akwai abin da mita ba ta gyara ba. Fuskar benen gilashi ce kuma tana kallon yamma, don haka a watan Afrilu, daga la'asar, ofisoshin sama sukan koma kamar tanda. Magina na da, masu katangar ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi, sun fi wanda ya zana mana ginin sanin ranar Katsina. Rumfar kwano muka kafa a gaban gilashin, mai ginin kuma har yau yana cewa ta ɓata masa ado.