Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gero Na Mai Shuka Ne

A makon jiya na yi alƙawarin ci gaba daga inda na kammala karatun lauya na dawo Gusau, amma tun daga ranar maganar Gwaggo take yi mini yawo a ka, kuma na san idan ban sauke ta ba, duk abin da na rubuta ba zai zauna daidai ba.

Ina da shekara shida Baba ya saki Inna. A lokacin garinmu, Ƙauran Namoda, yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka yanke Zamfara. Ba a bar ta ta yi idda a ɗakinta ba. Da la'asar aka miƙa mata takarda, kafin magariba an ɗaure gadonta da kwanukanta a kan amalanke. Da ta kama hannuna za mu fita, Gwaggo ta tare ƙofar zaure ta ce, "Gero na mai shuka ne, ba na gona ba." Ni ce ɗiyar fari, ko sunana Inna ba ta faɗa, balle ta tsaya jayayya a kaina a gaban dangin miji. Ta saki hannuna ta wuce.

Na girma ina ɗauka abin da addini ya ce ke nan, har ranar da malaminmu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya karanta mana babin riƙon yara daga Risala, littafin fiƙihu. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, uwa ce mai riƙon ɗa namiji har ya balaga, ɗiya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Idan uwar ta auri bare, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, kuma ana bi ta 'yar'uwar uwa kafin a waiwayi dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Na zauna ina lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur: Inna ta yi zawarcin shekara huɗu kafin ta sake aure, kakata ta wajenta kuma tana raye har na shiga sakandare. Ashe da al'ada aka raba ni da uwata, aka lulluɓa mata mayafin addini. Ko korar da aka yi mata da yammacin nan, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta.

Mutanen nesa idan aka ambaci ƙaddamar da Shari'a da aka yi a Gusau a watan Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, hankalinsu kan haddi, wato hukunci irin su yanke hannu da bulala, yake tafiya. Wanda ya taɓa wuni a kan bencin kotun Shari'a kuwa ya san abin da ya cika ta: aure, gado, bashi, da matan da suka zo da goyo suna neman a sa uban yara ya kawo abinci. Da waɗannan matan na fara aiki, kuma har yau ban bar su ba, duk da cewa abokan karatuna da suka kama shari'ar filaye da ta zaɓe sun daɗe da gina gidajen bene. Baffa ma, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kirana Barista ba, "mai raba aure" yake ce mini.

Shari'ata ta farko da na yi alfahari da ita ta wata baiwar Allah ce mai 'ya'ya uku, tsohon mijinta yana sayar da hatsi a kasuwa. Ya ce ko dai ta ba shi yaran ya kai wa uwarsa, ko kuma kada ta sa ran ƙwandala daga gare shi. Wannan ita ce maganar Gwaggo a bakin namiji, kuma na ji ta fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na miƙe na ce, Allah gafarta Malam, idan geron nasa ne, to noma da taki ma nasa ne, ba a shuka a tafi sai ranar girbi. Alƙali ya bar mata yaran, ya yanka masa kuɗin da zai riƙa kawowa duk wata. Na fito ina jin babu kamata a Gusau. Sau biyu ya biya. A wata na uku aka kai masa sammaci, ya zo ya rantse kasuwa ta karye, aka ɗage zama, aka sake ɗagewa, har kuɗin motar da matar ke kashewa zuwa kotu ya kusa cinye abin da take nema. Ma'aikacin gwamnati ana iya bin albashinsa, amma ɗan kasuwa da manomi da ɗan kabu-kabu babu mai sanin abin da ke aljihunsu.

Wani tsohon ma'aikacin kotun ne ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na san wanda mutumin nan yake jin kunya. Na bincika, na gano yayan mahaifinsa ne, wani dattijo mai limancin masallacin unguwa. Muka zauna a zaurensa da waliyyin matar, ba riga ba takardun kotu, aka yi magana har aka kira la'asar. Aka daidaita a kan tiya kaza ta gero da masara duk mako, kuɗin makaranta ya kai da kansa, ɗinkin sallah biyu, kuma ranar Juma'a yaran su wuni gidan kakarsu ta wajen uba, wadda daga baya na fahimci kewar jikokinta ce tushen rigimar. Abin da takardar kotu ta kasa, idon dattijon nan ya yi shi shekara da shekaru. Ba sabon abu muka ƙirƙira ba, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Tun daga nan nake neman a rubuta ciyarwa da awo maimakon naira, kuma da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, matan da aka yanka wa kuɗi sun dawo da kuka, masu tiya kuwa ba su dawo ba.

Inda zuciyata ta fi tafasa shi ne wajen kul'i. Mace ta gaji da duka ko yunwa, ta ce za ta fanshi kanta, sai miji ya zo da dogon lissafi: sadaki, lefe, kuɗin gaisuwa, har ragon suna wani ya taɓa sakawa. Wani kuma ya ce ya yafe komai muddin ta bar masa yara. Da yawansu ba su san cewa idan cutarwa ta tabbata alƙali yana iya raba auren ba tare da ta biya komai ba, kuma ko ta riga ta biya, idan aka tabbatar cutar ce ta tilasta mata, sakin yana nan daram kuma a mayar mata da abinta. Matsalar ita ce shaida, domin maƙwabtan da suka ji ihu da dare sukan ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Shekarun da na yi aure na haihu, da zaman da muka yi a wajen jihar, zan tsallake su. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne wata safiya da aka ce ina da baƙuwa, na fito na tarar da Gwaggo a kan tabarma, ta tsufa, idonta ya yi hazo, wani jikanta yana riƙe da sandarta. An saki autarta, dangin mijin sun riƙe yara biyu, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Ta ce, "Ɗiyata, an ce ke ce kika san hanyar karɓo su." Na yi shekaru ina tanadin amsar wannan rana, kuma ban iya haɗiye ta ba. Na ce, "Gwaggo, ai gero na mai shuka ne." Ba ta ce komai ba, sai laluben bakin mayafinta da take yi.

Na karɓo yaran, ko kotu ba mu je ba, a gaban mai unguwa aka gama. Da na je Ƙaura na ba Inna labari, har da abin da na faɗa, ina jiran in ga ko sau ɗaya fuskarta ta nuna an rama mata. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Can ta tambaye ni ko na ba Gwaggo abinci kafin ta tafi, ko kuma na bar tsohuwa ta biya kuɗin mota da kanta.