Ƙanƙara a kan fukafukan jirgin sama

Da hunturu a Kanada, na zauna cikin jirgi ina kallon ma'aikata suna fesa wa fukafukansa ruwan magani mai zafi, mai launin lemo, domin narkar da ƙanƙara kafin mu tashi. Haɗarin da ya fi tayar mini da hankali kuwa yana can sama, inda ɗigon ruwan gajimare mai tsananin sanyi yake daskarewa da zarar ya bugi fiffike, ya ɓata yadda iska take ɗaga jirgin. Hakan ne ya kayar da jirgin ATR 72 a jihar Indiyana a 1994, mutum 68 suka rasu. Ina girmama masu binciken wata cibiya da ke birnin Cleveland na Amurka, wadda a yau take ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, domin tun 1944 suke gwada fukafukai cikin ƙaton bututun iska mai sanyi.