Kan yatsa ne ya ji ciwo, na je na ɗaure wuyan hannu

Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Saura mako guda a ɗauki azumi, ɗinkin Sallah ya fara taruwa, ina cusa ƙullin shadda a ƙarƙashin teburin yanka sai kan yatsana na tsakiya na hannun dama ya tokari katako ya lanƙwashe. Ban ji wani zafin a zo a gani ba. Da na zaro hannun sai na ga gaɓar ƙarshe, wadda farce yake kanta, ta sunkuya. In na sa ɗayan hannun na ɗaga ta sai ta miƙe, ina saki ta sake faɗuwa.

Da yamma na biya wani kemis. Yaron da ke wurin ya juya hannun ya ce, "Alhaji, targaɗe ne, a ɗaure hannun ya huta." Ya ɗauko mini wani baƙin abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, dogo, daga tsakiyar damtse har gindin yatsu. Girmansa da tsadarsa suka kwantar mini da hankali. Kwana 5 ina fama da shi, ba yanka ba guga, kan yatsa kuwa yana nan a sunkuye yadda yake. Hajiyarmu ta ce a kai wa mai ɗori. Da yake ba kumburi sosai, kuma ban ji alamar karaya ba, na roƙe ta ta bari in fara zuwa asibiti.

A asibiti aka ɗauki hoton yatsan, domin wani lokaci jijiyar kan ɓalle tare da ɗan guntun ƙashi. Nawa ƙashin lafiya lau. Likita ya ce jijiyar da ke miƙar da kan yatsa ce ta tsinke daga inda take manne a bayan gaɓar ƙarshe, kuma Turawa suna kiran ciwon yatsan guduma saboda yadda kan yake lanƙwashewa. Ya ce in gode Allah ta baya ce. Da ta ciki ce, mai lanƙwasa yatsa, sai an yi tiyata, kuma ba a jinkirta ta. Ya dubi baƙin abin da ke hannuna ya ce, "Malam, wannan ko kusa da inda ciwon yake bai kai ba."

Abin da ya sa mini ɗan ƙaramin abu ne na roba mai kama da hula, ana ce masa Stack, sunan likitan hannu ɗan Ingila da ya fito da shi. Gaɓar ƙarshe kaɗai yake riƙewa a miƙe, gaɓar tsakiya kuma a sake take, har ma so ake a riƙa motsa ta kada ta sandare. Sharaɗin shi ne mako 8, dare da rana, kada kan yatsan ya sunkuya ko sau ɗaya. Bakin jijiyar biyu suna haɗuwa ne a hankali muddin gaɓar tana miƙe, sunkuyawa ɗaya kuma ta isa ta raba abin da ya fara kamawa.

Alwala ce ta fara damuna. Malamin unguwarmu ya ce babin jabira ke nan, in wanke inda ruwa zai iya taɓawa, in shafa jiƙaƙƙen hannu a kan robar. Wanke yatsan kansa kuma sai na shimfiɗa shi a kan teburin yanka, yaron shagona ya zare robar a hankali, a goge da sabulu, a bari ya bushe sarai, a mayar, duk ban ɗaga yatsan daga kan katako ba. A mako na 3, wata rana bayan shan ruwa, gumi ya ishe ni, na zare ta ni kaɗai a tsaye. Da idona na ga kan ya faɗi. Washegari likita ya ce a soma lissafi daga farko. Na yi baƙin ciki ƙwarai ranar, domin kayan mutane na jibge a shago kuma na riga na yi alkawura.

A wannan tsakanin ne wuyan hannun ya fara ciwo da gaske. Babban almakashin tela da yatsan tsakiya ake danna shi. Da yake nawa yana cikin roba, sai na koma karkata hannu ina yanka da ƙarfin wuyan hannu, haka ma wajen ɗaga dutsen guga. Kafin a sha ruwa hannun ya yi tsami, da dare kuma babban yatsa da manuni su riƙa yi mini kamar ana tsira allura. Aka tura ni sashen gashi na asibitin, na tafi da abubuwa uku a leda: baƙin nan na farko, wata safar roba da na saya daga baya, da bandeji mai miƙewa.

Ma'aikaciyar ta baje su a kan tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Safar ta fara turewa gefe, kuma dalilinta bai taɓa zuwa mini ba: duk abin da sai an zura yatsu a cikinsa kafin ya kai wuyan hannu zai iya fizge robar yatsan a hanya. Wanda kan yatsansa ke ɗaure, abin da ya dace da shi shi ne mai buɗewa gaba ɗaya, a kwantar da hannu a kai, a naɗo, a manne maɗaurinsa. Bandeji kuma, ta ce, da hannun hagu ba zan iya naɗa shi daidai kullum ba, yau ya matse gobe ya saki.

A kan baƙin ta fi daɗewa. Ta sa mini shi ta ce in dunƙule hannu, na kasa, domin bakinsa ya haye gindin yatsu. Ta buɗe tafina ta nuna mini layin da ya ratsa shi kusa da yatsu. "Nan ya kamata ya tsaya, Malam. In ya wuce nan, yatsunka masu lafiya ma za su sandare." Ta zaro ƙarfen da ke ciki, sai ga shi a lanƙwashe kamar cokali, yana ɗage hannu baya. Ta ce jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya tana bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, kuma lungun ya fi sakewa in hannun yana miƙe sak, bai yi gaba ba bai yi baya ba. Ashe ƙarfen mai laushi ne, ana iya gyara shi da hannu.

Da awo ta sa na koma kasuwa. Na zagaya tef ɗina a wuyan hannu, inci 7, na duba jadawalin da ke bayan kwali, na tabbatar na dama ne, domin yawancinsu dama daban hagu daban. Na bar masu kaurin roba duk da sun fi kyan gani. Zafin Katsina a watan Afrilu yana kai digiri 40, kuma na riga na ga ƙurajen da gumi ya fesa mini a ƙarƙashin na farko. Na ɗauki gajere na yadi mai huda-huda, mai maɗauri biyu. A matsayina na mai ɗinki na juya cikinsa na shafa bakin ramin babban yatsa, don in ɗinkin wurin yana da kaushi, kafin azahar ya goge fata. Na koma ta miƙar mini da ƙarfen, ta koya mini gwajin matsi: yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin maɗauri, in kuma an danna farce ya yi fari, jansa ya dawo nan take.

Ba ta yarda in wuni da shi ba, kuma a ganina nan ne mutane da yawa suke kuskure. Robar yatsa ba a cire ta, na wuyan hannu kuwa sai lokacin yanka da guga da kuma barci. Sauran lokaci a kwance shi, a juya hannun, a dunƙule a buɗe. Na rage yankan ma, na bar wa babban yarona masu kauri, ni na zauna a kan keke. Wasu masu kaya na kira su na ba su haƙuri tun da sauran lokaci, mutum biyu suka karɓi yadinsu suka kai wani wuri.

Cikin mako 2 tsirar daren ta lafa. Robar yatsa kuwa sai da ta cika mako 11 in an haɗa da ukun da suka zube, sannan aka ƙara mini mako 4 ina sa ta da dare kawai. Mako guda bayan babbar Sallah na ajiye ta. Har yau in na miƙe yatsuna a kan tebur, kan na tsakiyan yana ɗan rusunawa kaɗan, likita ya ce da yawa haka suke warkewa kuma ba ya hana aiki. Almakashi ya koma hannuna. Na wuyan hannun yana cikin aljihun teburin keke, ina ɗauko shi ranar da yankan shadda ya yi yawa.