Labulen sirri da juyin waya

A manhajar ajiyar kuɗi da muke ginawa, ni aka ɗora wa aikin labulen sirri, wato shafin da ke rufe ragowar kuɗin mutum da lambar asusunsa da zarar ya fita daga manhajar, don kada su bayyana a jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan. A wajenmu waya tana yawo a hannuwa, yau a shagon caji, gobe a hannun ƙani, shi ya sa ban ɗauki aikin da wasa ba.

Android ce ta fi ba ni wahala. Da an kwantar da waya, sai ta rushe Activity, wato shafin manhajar da ke buɗe, ta sake gina shi, ta kira onPause da onStop, wato saƙonnin da ke shaida wa shafi an bar shi, tamkar mai wayar ya fita. Labule ya sauko, manhaja ta nemi lambar sirri, alhali bawan Allah kishingiɗa kawai ya yi. A cikin onStop na riƙa duba isChangingConfigurations, wanda ke nuna ko juyi ne ya jawo rushewar, in juyi ne a ƙyale shi. Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka: wani ya ɗauki wayar da manhajarta ke kulle, ya juya ta, sabon Activity ya taso babu labule. Saboda haka na adana bayanin kullewar a ViewModel, wato ma'ajiyar bayanan shafi, wanda juyi ba ya shafewa.

ProcessLifecycleOwner, wanda ke lura da shiga da fitar manhajar gaba ɗaya, yana jira milisakan 700 kafin ya sanar da fita, don ya tace juyi. Ya dace da neman lambar sirri, amma ba zan dogara da shi wajen ɓoye hoton shafin da waya ke nunawa a jerin manhajoji ba, don yana iya makara. FLAG_SECURE, alamar da ake sa wa shafi don kada a ɗauki hotonsa, yana hana hoton, sai dai yana hana mutum ɗaukar hoton rasit da zai tura wa mai shago ta WhatsApp. Daga Android 13 akwai setRecentsScreenshotEnabled, wanda ke ɓoye na jerin kaɗai, shi na zaɓa, tsofaffin wayoyi kuma na sa musu FLAG_SECURE a shafukan asusu kawai.

A iPhone ba a rushe komai, matsalar girma ce. Labulen da aka auna waya na tsaye, in ta kwanta sai ya bar gefen dama a buɗe, daidai inda alkaluman kuɗi suke. Na ɗaure shi da gefuna huɗu na fuskar manhajar ta Auto Layout, tsarin iOS na daidaita girman abubuwa a allo, na kuma cire masa saukowa a hankali, domin iOS ba ta jiran ya gama sauka kafin ta ɗauki hotonta.