Kafin ka ɗauki taken bincike a kan tsaron intanet

Ƙannena masu shirin rubuta furojet ko kundin digiri na biyu a fannin tsaron kwamfuta, a nan Bauchi ko a maƙwabta, take biyu ne suka fi yawo a hannunku. Ɗaya ya ce za a koya wa kwamfuta ta gano kutse da kanta. Ɗayan ya ce za a raba wa ma'aikata takardar tambayoyi don a auna yadda suka san kare bayanai. Ba zan hana ku ɗauka ba. Ni dai duka biyun na taɓa yi, kuma a duka biyun na cika shafuka da bayani a kan abin da ban taɓa sa wa ido ba. Wannan ne nake so in raba ku da shi.

A na farkon, na sauko da rumbun bayanan nan da kowa ke saukowa da shi, KDD Cup 99, na raba fayil ɗaya gida biyu, na koyar da manhajata da kaso ɗaya na gwada ta da ɗayan. Sakamako ya haura kashi 99 cikin 100. Har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sai ranar kare aiki wani dattijon malami ya cire tabarau ya ce, "To malam, wannan bayanan na wace hanyar sadarwa ce, kuma na wace shekara?" Bakina ya mutu.

Ga amsar da ya kamata in sani tun kafin in taɓa fayil ɗin. A shekarar 1998 ne ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT a Amurka ya kwaikwayi hanyar sadarwar wani sansanin sojan sama, da kuɗin DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, aka yi ta kai mata hare-haren gwaji ana naɗa. Daga nan aka tsamo KDD Cup 99. Wato ba ma zirga-zirgar gaske ba ce, kuma ta girmi da yawa daga cikinku. A 2009 Mahbod Tavallaee da abokan aikinsa a Jami'ar New Brunswick ta Kanada suka tantance shi, suka tarar kusan kashi 78 cikin 100 na layukan koyarwa da kusan kashi 75 na layukan gwaji maimaici ne. Ni kuwa da na raba fayil ɗaya, layin da manhajar ta gani wajen koyo shi ta sake gani wajen gwaji. Kamar ka ba yaro tambayoyin jarrabawa ya haddace ne, washegari ka gwada shi da su, ka fito kana shelar ka haifi haziƙi.

Akwai waɗanda suka fi shi: NSL-KDD da su Tavallaee suka tace, UNSW-NB15 na Ostareliya na 2015, da CICIDS2017 na Kanada. Yi amfani da su, amma ka cire maimaici kafin ka raba, ka faɗi yawan ƙararrawar ƙarya da manhajarka ke bugawa, sannan ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ɗaya daga cikinsu da aka tattara a Nijeriya. Kada ka rufe babi na biyar da cewa aikinka zai kare bankunan ƙasar nan alhali ba ka gwada shi a kan wayar banki ko ɗaya ba.

Na biyun ya fi ba ni kunya, don shi mutane na yi wa ƙarya ba da niyya ba. Na kwafo tambayoyi daga wata maƙalar ƙasar waje, da Turancinsu da akwatunansu biyar-biyar, na raba a wata ma'aikata. A ciki har da "Kana ba wani kalmar sirrinka?" Kusan kowa ya ce a'a. Wa zai ce e, a takardar da ta bi ta ofishin ogansa? Na tattara, na zana jadawali, na rubuta cewa wayewar ma'aikatan ta kai matuƙa.

Ina zaune a benci a ofishin ina jiran ragowar takarduna sai magatakarda ya ɗaga waya: "Ranka ya daɗe, an canja fasuwod ɗin ne? Ya ƙi buɗewa." Aka karanto masa, ya maimaita da ƙarfi harafi-harafi, ya rubuta a bayan wata tsohuwar ambulan, ya manna ta da salatif a cikin durowa. Wannan bawan Allah yana cikin waɗanda suka ce mini a'a. Kuma ba mugu ba ne, ba jahili ba. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, sunan oga kaɗai aka buɗe wa asusu, oga yana Abuja taro, ga takardun albashi dole su fita kafin a ɗauke wuta. Me kake so ya yi?

Tun 1999 Anne Adams da Angela Sasse suka wallafa bincike da ya nuna haka: mutane kan kauce wa ƙa'idar kalmar sirri ne idan ƙa'idar ta tare musu aikin da aka ɗauke su su yi, ba don ba su damu ba. Da na karanta wannan da wuri, da tambayata ta zama me ya sa ake raba kalmar sirri, maimakon ko ana rabawa. Irin wannan amsar ba ta shiga akwati. Sai ka zauna, ka yi hira da Hausa, ka bar mutum ya gama maganarsa, ka dawo wata rana ka sake kallo. Gani ya kori ji.

Kuma ba sai ka yi nisa ba. Tsaya kusa da mai POS a Wunti ko Muda Lawal da hantsi. Za ka ga dattijuwa ta kwance bakin zane, ta fito da katin ATM naɗe cikin 'yar takarda da roba, lambar sirrin tana rubuce a jikin takardar, ta miƙa wa yaron ta ce, "Ɗana, ciro mini dubu biyar." Duk saƙon gargaɗin da banki ke turowa ya ce kada a ba kowa lambar. Ita ba ta karanta boko, saƙon da Turanci yake zuwa, kuma wannan yaron ne ta yarda da shi. Yaya ake kare kuɗinta a haka? Wa ke ɗaukar asara idan an kwashe? Da wane harshe masu damfara ke kira suna neman BVN da lambar da banki ya turo, kuma wace magana ce ke sa mutum ya bayar? Mai bincike a Landan ba zai iya amsa waɗannan ba. Kai da ke shiga kasuwar kullum za ka iya.

Masu son ɓangaren manufofi, ku karanta dokar da kanku. Ni daga maƙalar wani na riƙa kwafo ta, har na kira NDPR dokar da majalisa ta zartar. Ƙa'idar kare bayanai ce da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a Janairun 2019, lokacin Isa Ali Pantami, ɗan Gombe da ya koyar a ATBU, yana shugabantarta. Dokar kare bayanai ta majalisa sai a Yunin 2023 aka sa mata hannu, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Manufar tsaron intanet ta ƙasa kuwa daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro take fitowa, ta 2014 da wadda aka sabunta a 2021. Dokar laifukan intanet ta 2015 an yi mata gyara a 2024: wa'adin kai rahoton kutse ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet, ya sauko daga kwana 7 zuwa awa 72. Wanda ya kwafo daga maƙalar 2018 zai rubuta tsohon wa'adi yana ganin daidai ne. A gyaran nan ne aka fayyace harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan hada-hadar kuɗi ta intanet, wanda Babban Banki ya umarci bankuna su fara cira a Mayun 2024, jama'a suka yi ca, aka dakatar. Yadda abin da ke rubuce a doka ya kasa aiwatuwa cikin 'yan kwanaki, shi kansa kundi ne guda ga mai son rubutawa.

Karanta dokar zai kuma tsare ka daga wautar da na kusa tafkawa. Na koyi Nmap, manhajar da ke gano ƙofofin da ke buɗe a kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwa, hannuna yana ƙaiƙayi, na shirya zan leƙa shafin wata hukuma in ga ƙofofin da ta bari a buɗe, wai don babi na huɗu. Wani yayana a sashen ya riƙe ni ya ce, "Ina takardar izininka?" Sashe na 6 na dokar 2015 ya yi magana a kan shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma katin ɗalibi ba kariya ba ne a gaban alƙali. Haɗa naka ɗakin gwajin a kwamfutarka, ko ka samo izini a rubuce, da sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi abin da za ka taɓa da ranakun da za ka taɓa shi.

Mujallar da ta aiko maka imel tana yabonka, ta karɓi maƙala cikin 'yan kwanaki ta nemi daloli, kada ka ba ta. Na ba wata, kwamitin ƙarin girma ya tsallake maƙalar ko kallo bai yi ba.

Sai bayanan da ka tara. Takardun tambayoyina da sunaye da lambobin waya a jikinsu suka yi watanni cikin jaka a ƙarƙashin gado, fayil ɗin kuma na bar kwafinsa a kwamfutar wani shagon buga takardu a Yelwa, ni mai rubutu a kan kare bayanai. Kada ka karɓi suna idan ba ka buƙatarsa. In ya zama dole, ba kowane mutum lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a wani wuri daban a kulle. Ka kai wa mai shago babin da za a buga kawai, ka tsaya a kansa ya goge shi har daga kwandon shara kafin ka biya. Hirar da ka naɗa a waya kuma ka kwashe ta daga wayar a ranar, tun ƙaninka bai ara ya tafi kallon ƙwallo da ita ba.